FASHIN BAƘI: Yadda manhaja ke raba ƙarin maki a ajin ɗalibai dubu

A yawancin jami'o'in Najeriya, maki 69 yana nufin B, maki 70 kuma A. Irin wannan tazara ta maki ɗaya, idan ta maimaitu a darussa da dama, tana iya sauya darajar digirin da ɗalibi zai fita da shi. Shi ya sa ƙarin makin da malami ke bayarwa kan aikin da ba na dole ba yake da nauyi fiye da yadda ake zato.

A aji mai ɗalibai talatin, malami yana iya rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin da hannunsa. A darasin da duk 'yan aji ɗaya ke ɗauka, inda ɗalibai kan kai dubu, hakan ba ya yiwuwa sai da kurakurai da koke-koke. A nan ne manhajojin koyarwa ta intanet suke shigowa.

Yadda lissafin yake

Ɗaya daga cikin fitattun manhajojin ita ce Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002, kuma kyauta ake amfani da ita. Akwai kuma Canvas da Blackboard, waɗanda kamfanonin Amurka suka ƙirƙira.

Ƙa'idar guda ce a dukkansu: ana tara ƙarin maki a kan abin da ɗalibi ya samu, amma ba a ƙara shi a kan jimillar makin darasin. A misali, wanda ya samu 68 cikin 100 kuma ya ci ƙarin maki 3 zai tashi da 71 cikin 100, ba cikin 103 ba. Wanda bai yi aikin ba kuwa bai rasa komai ba.

A Moodle, malami yana sa wa aikin alamar ƙari a rajistar maki. A Canvas, hanyar da aka saba ita ce a ƙirƙiri aiki mai darajar sifili, sannan duk makin da aka ba shi ya zama ƙari. Idan aikin tambayoyi ne na zaɓar amsa, manhajar da kanta take dubawa, ta rufe shi idan wa'adi ya cika, ta kuma shigar da sakamako ba tare da hannun kowa ba.

Abin da tsarin ke magancewa

Babbar fa'idarsa ita ce rage ikon mutum ɗaya a kan makomar ɗalibi. A watan Oktoban 2019, binciken sashen BBC Africa Eye a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana ya nuna yadda wasu malamai ke neman lalata da ɗalibai mata ta hanyar amfani da matsayinsu. Makin da ake bayarwa a asirce, bisa ganin dama, yana cikin ƙofofin irin wannan zalunci.

Manhaja ba ta san ɗan gida ko bare ba. Malami yana iya sauya maki da hannu, amma Moodle tana adana tarihin kowane sauyi, da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. Ɗalibin da ya shigar da koke yana da hujjar da kwamiti zai duba.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai mutum ne ke rubuta wa manhajar ƙa'ida. Idan malami ya buɗe aikin na awa biyu kacal da daddare, masu data da wutar lantarki ne za su kwashe makin. Ɗalibar da wayarta ta mutu saboda rashin wuta ba ta gaza a karatu ba, amma rajista ba za ta nuna hakan ba.

Idan kuma an ɗora makin a kan yawan saƙonnin da ɗalibi ya rubuta a zauren darasi, yawa ake sakawa, ba fahimta ba. Haka nan kuskure guda wajen saita lissafi zai shafi ɗalibai dubu a lokaci ɗaya, kuma ba lalle a gano shi ba sai sakamako ya fito.

Saboda haka abin da ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai su nema ya wuce a sayo manhaja. Su nemi a bayyana ƙa'idar ƙarin maki a rubuce tun makon farko na zangon karatu, a ƙayyade iyakarsa, a bar aikin a buɗe na kwanaki, a tanadi kwamfutocin makaranta ga marasa waya, sannan a ba kwamitin jarrabawa damar duba tarihin duk makin da aka sauya.