Kafin A Jefa Ɗinkin Hannu Cikin Bokitin Wanki

A majami'armu akwai wani farin mayafi da ake shimfiɗawa a kan teburin Jibin Ubangiji. Matan zumunta su biyar suka yi wata uku suna ɗinka masa gicciye da reshen inabi, da zare ja da kore. Ana saura kwana biyu Ista, wata yarinya mai himma ta ga ɗigon ruwan inabi a gefensa, sai ta jiƙa shi cikin ruwan zafi da bilic, ta bar shi ya kwana. Da gari ya waye gicciyen ya koɗe, ganyen inabin kuwa sai an matsa kusa kafin a gane shi. Ba wanda ya tsawata mata sosai, gama ba wanda ya taɓa koya mata.

Abin da ya sami mayafin nan yana samun babbar rigar maigida, da hularsa, da zanen gadon da amarya ta zo da shi. Mai surfani a birnin Zariya yakan yi makonni, wani lokaci watanni, a kan aska takwas guda ɗaya. Sawa ba ta cika kashe irin wannan aiki ba. Wanki da ajiya su ne suke kashe shi.

Kafin ruwa ya taɓa kayan, uwargida, ki gwada zaren. Ki jiƙa farin ƙyalle ki danna a kan kowane launi. In launi ya fito a ƙyallen, to zaren yana zuba, kada ki jiƙa kayan ki bar su. Ja shi ya fi kowanne wannan hali. Ki yi wankin da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi wanda ya narke tukuna, ki juya kayan ciki ya koma waje, ki riƙa dannawa a hankali. Ban da cuɗawa, ban da buroshi, ban da murɗawa. Yawancin zaren nan mai sheƙi da muke kira siliki a kasuwa ba siliki ba ne, na masana'anta ne, kuma ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai in ya jiƙe. Siliki na ainihi kuwa, irin tsamiya da ke jikin rigunan kakanninmu, bilic narkar da shi yake yi. In kin ɗauraye, ki naɗe kayan cikin tawul ya tsotse ruwan, sa'an nan ki shimfiɗa a inuwa.

Tabo ma kowanne da maganinsa. Jini da ruwan inabi, a sa ruwan sanyi nan da nan, domin zafi kafe jini yake yi a cikin zare. Manja ko man miya, a barbaɗa garin sitaci ya tsotse, a kakkaɓe, a bi da ɗan sabulun wanke kwano. Kakin kyandir, a bar shi ya daskare, a kankare da bayan cokali, a ɗora takarda mara rubutu a bi da guga mai ɗumi.

Wajen guga, a shimfiɗa tawul, a kifa fuskar ɗinkin a kansa, a goge ta baya. Haka aikin zai tashi raɗau maimakon ya kwanta. Masu dutsen gugar gawayi su sa ƙyalle tsakani, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda aikin wata guda. Hula kam, ni a ganina, a kai wa masu wankin hula, su ke da katakon da ake ɗora ta ta bushe da siffarta.

Inda muka fi yin asara shi ne ajiya. Bayan Kirsimeti akan cusa riga da zufarta cikin leda, a jefa a akwatin ƙarfe sai baɗi. Zufa takan zama rawayan tabo, leda tana riƙe danshin damina har fumfuna ta kama, akwatin kuma ya ba da tsatsa. A wanke kafin a ajiye, amma kada a sa sitaci, gama abincin asu da kyankyaso ne. A naɗe cikin tsohon farin zane, a fito da kayan su sha iska ko sau biyu a shekara, a kuma sake wurin ninki. Game da kafur, iyaye mata su kiyaye: kada ya kusanci kayan jariri, domin yana fasa ƙwayoyin jinin waɗansu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani.

Matan zumuntarmu sun ɗinka sabon mayafi. Yanzu nannaɗe shi ake yi a jikin kwalin da ake naɗe yadi, kuma tsohuwa ɗaya ce take wanke shi, yarinyar nan tana riƙe mata tawul.