Idan Tsohon Kamfanin Inshora Ya Ci Gaba Da Cire Maka Kuɗi A Kati

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga cikin koke-koken da ake ji wajen 'yan'uwa 'yan kasuwa da masu motocin haya a nan Libreville akwai wannan: mutum ya bar kamfanin inshora ya koma wani, ko ma ya sayar da motar, sai bayan watanni saƙo ya shigo wayarsa cewa tsohon kamfanin ya cire kuɗi daga katinsa. Wani sai ya ce ya bar wa Allah, wani kuma ya je ofis ya yi ta faɗa ya dawo hannu rabbana. Akwai hanyar da ta fi waɗannan biyun, amma sai an fara sanin asalin matsalar.

Me ya sa cirewar ba ta tsaya ba?

Ranar da ka shiga inshora ka ba da lambar katinka, abu biyu ka ƙulla. Na farko yarjejeniyar inshorar kanta. Na biyu izinin da ka ba kamfanin ya riƙa ɗaukar kuɗinsa duk lokacin da biya ya zo. Daina hulɗa da kamfani ba ya warware ko ɗaya daga cikinsu.

Dokar da ake aiki da ita a Gabon ita ce ta CIMA, ƙungiyar kula da harkar inshora ta ƙasashe 14 na Afirka, ciki har da Kamaru, Cadi, Nijar da Benin. An sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, dokar ta fara aiki a 1995, hedkwatarta kuma tana nan Libreville. Yawancin takardun inshora suna ɗauke da sharaɗin da ake rubutawa da Faransanci tacite reconduction, wato yarjejeniya ta sabunta kanta idan wa'adi ya cika ba wanda ya yi magana. Shirunka a wurin doka yarda ne. Dokar dai ta taƙaita abin: kowace sabuntawa ba ta wuce shekara ɗaya, kuma wajibi ne kamfani ya aiko maka da sanarwa kafin ranar biya.

Tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, ƙa'idar ita ce sai an biya inshora take aiki, kuma an hana kamfani sabunta yarjejeniyar da ba a biya ba. Ka ga ke nan, izinin da ka bari a buɗe shi ne yake biya a madadinka, yarjejeniyar ta sake rayuwa kana can ba ka sani ba.

Yadda ake fita daidai

Sashe na 21 ya ba ka damar fita bayan shekara ɗaya, da sharaɗin ka sanar aƙalla wata biyu kafin ranar cikar wa'adi. Sashe na 22 ya faɗi hanyoyin: wasiƙa mai rajista ta gidan waya, ko ka kai takardar da kanka hedkwatar kamfanin ko wurin wakilinsa a ba ka rasit, ko ta hannun ma'aikacin shari'a da ake kira huissier, ko wata hanya da takardar inshorarka ta ambata. Gaya wa dillali da baki a bakin shago ba ya cikinsu. Inshorar lafiya tana iya zuwa da nata sharaɗin daban, don haka a karanta takarda. Inshorar rai kuwa, doka ba ta ba kamfani ikon tilasta maka biya ba.

Wanda ya sayar da mota yana da hukunci na musamman a sashe na 41: inshorar motar tana dakatawa daga kwana na biyar bayan sayarwa, kowane ɓangare yana iya soke ta da sanarwar kwana goma. Amma kamfani bai san gaibu ba. Ka rubuta masa ranar da ka sayar, ka haɗa da kwafin takardar ciniki.

A cikin wasiƙar fita ka ƙara jimla guda: ka janye izinin cire kuɗi daga katinka ko asusunka. Ka kai wa bankinka kwafi a buga maka hatimi.

Idan an riga an cire

Da farko ka bincika kanka. Ka karɓi takardar shige da ficen asusunka, ka duba ranar cirewa, ka kwatanta da ranar da ka soke. A ce inshorarka tana cika ranar 31 ga Disamba, ka kai takardar sokewa ranar 10 ga Oktoba da rasit a hannu, sannan aka cire sefa 90,000 a Janairu: wannan kuɗinka ne, ba tantama. Idan kuwa sai 20 ga Disamba ka rubuta, kamfanin yana da abin faɗa, abin da ya rage shi ne sulhu.

Na biyu, ka rubuta wa kamfanin: lambar inshora, ranar sokewa, adadin da aka cire, da wa'adin da ka ba su su mayar, kamar kwana 15. Ka riƙe kwafi mai hatimi.

Na uku, a makon nan ka je banki, kada ka jira amsar kamfani. Ka bambance musu ko ta kati aka cire ko kai tsaye daga asusu, domin hanyar tsayar da kowanne daban ce. Katunan Visa da Mastercard suna da tsarin ƙalubalantar cirewa, amma yana da wa'adi, galibi kwana 120. Toshe kati yana iya tsayar da ta gaba, sai dai ba ya dawo da ta baya, ba ya kuma soke yarjejeniya. Mai biya ta Airtel Money ko Moov Money shi ma ya shigar da ƙorafinsa a rubuce ya karɓi lambar shaida. Tun 2020 ƙasashen CEMAC suna da doka ta kare masu hulɗa da bankuna, hukumar COBAC ce mai sa ido a kansu, don haka karɓar ƙorafinka aikinsu ne, ba alfarma ba.

Na huɗu, idan kamfani ya yi kunnen uwar shegu, ka kai takardunka hukumar kula da inshora ta ƙasa, Direction Nationale des Assurances. Bayanta sai kotu. Ka sani sashe na 28 ya sa wa'adin shekara biyu ga ƙarar da ta taso daga yarjejeniyar inshora. Wanda ya yi barci a kan haƙƙinsa zai farka ya tarar an rufe ƙofa.

Matsayin shari'a

Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta kuma rataya halaccin ciniki a kan yarda. Izinin cire kuɗi nau'i ne na wakilci, kuma malaman fiƙihu sun bayyana cewa asali mai wakiltarwa yana da ikon janye wakilcinsa. Abin da aka ɗauka bayan yarjejeniya ta ƙare kuma an janye izini, wajibi ne a mayar da shi. Neman sa ba ƙarancin tawakkali ba ne, musamman idan kuɗin iyali ne ko jarin wani da ke hannunka amana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka. Musulmi ne ya fi cancanta ya zama mai adana takarda.

Adalci kuma ta kowane ɓangare ne. Bai halatta ka ce wa banki an sace maka kati ba alhali kai ka ba da lambar, ko ka ce ka soke alhali ba ka soke ba. Ƙarya ba ta zama halal don wanda za a yi wa ita kamfani ne.

Mai katin bashi yana da ƙarin dalilin gaggawa, domin kuɗin da aka cire yana zama bashi a kansa, idan ya jinkirta a ɗora ruwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta hana katin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa. Ita ce kuma a Jidda a 1985 ta ce inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta nuna ta taimakekeniya, wato takaful, a madadinta. Inshorar mota ta ɓarnar da za ka yi wa wani dole ce a doka, malamai da yawa sun ba da uzuri a kanta. Abin da ya wuce dole kuwa, mutum ya duba ko yana buƙatarsa.

Shawarata ga ɗalibai: iyayenku da yawa a Mont-Bouët da Nkembo ba sa karanta Faransanci. Ku zauna da su ku duba takardunsu, ku rubuta ranar cikar kowace inshora, ku ƙirga wata biyu baya ku sa alama. Wannan ma biyayya ce.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya tsare mu daga cin ta wasu. Allah ne mafi sani.