Idan Kwamfutar Kula da Gida Ta Fara Jan Ƙafa, Kada Ka Yi Saurin Sayen Sabuwa

Tun da sola ta yawaita a gidajen birnin Katsina, wasu magidanta suka ƙara da wata 'yar kwamfuta da girmanta bai wuce katin ATM ba. Sunanta Raspberry Pi, ta fito daga Ingila a 2012. Ana ɗora mata manhajar Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara a 2013, sai ta riƙa kunna famfon burtsatse idan tanki ya yi ƙasa, ta kashe fitilun waje da asuba, ta kuma nuna wa maigida cajin batirinsa a waya ko yana kasuwa.

Bayan 'yan watanni sai koke ya fara. Ka danna a waya, fitila ba za ta kama ba sai ta ga dama. Shafin manhajar ya yi ta juyi bai buɗe ba. Abin da aka fi ji daga bakin mai gyara shi ne: "Alhaji, ta gaji, sai dai sabuwa." Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau. Abubuwa huɗu ne suka fi jawo wannan nauyi, kuma kowanne yana da alamarsa.

Na farko: caja

Wannan kwamfuta volt 5 take ci, amma tana son ƙarfin wuta isasshe: samfurin Pi 3 amfiya 2.5, Pi 4 amfiya 3, Pi 5 kuwa har amfiya 5. Da zarar wutar ta faɗi ƙasa da volt 4.63, sai ta rage gudunta da kanta. Tsohuwar cajar waya da siririn igiyar da aka tsinto a durowa ba za su ɗauke ta ba, ko me aka rubuta a jikinsu. Dubi jar fitilar da ke gefen allon Pi 3 ko Pi 4. Idan tana ƙiftawa ko ta mutu alhali na'urar na aiki, wuta ce ba ta isa.

Ɗaukewar wuta farat ɗaya ta fi wannan illa. Idan aka ɗauke tana tsakiyar rubutu a memori, ko ana juyawa daga wutar gari zuwa janareto, bayanai na iya dagulewa. A jona ta a layin inbata wanda ba ya yankewa.

Na biyu: zafi da ƙura

Idan zafin ƙwaƙwalwar Pi 4 ya kai digiri 80, tana fara sassauta aiki don kada ta ƙone. A Afrilu da Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40 a inuwa. To ina ga wadda aka kulle cikin akwatin roba, a ɗakin batira marar taga, ƙarƙashin rufin kwano? Alamar a fili take: daga azahar zuwa la'asar tana jan ƙafa, da dare kuma ta warware. Hunturu ma da tasa gudummawar, don ƙura kan toshe 'yar fankar da ramukan iska. A manna mata ƙarfen shanye zafi, a sa fanka, a fitar da ita inda iska ke wucewa, a riƙa kaɗe ƙurar da busasshen buroshi bayan an kashe ta.

Na uku: memori

A nan ne mafi yawan ɓarnar take. Home Assistant tana rubuta kowane canji da ya faru a gidan, kuma idan ba a sauya tsarinta ba takan ajiye tarihin kwana 10. Inbata kaɗai na iya aiko da sabon lissafi duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, dare da rana. Memori kuwa yana da iyakar rubutun da zai iya ɗauka kafin ya fara gazawa, kamar allon makaranta da aka yi ta wankewa har ya sulɓe.

Ga kuma na jabu. Za a sayar maka da mai tambarin GB 128 a farashin da ya kamata ya sa ka zargi, alhali ainihin cikinsa bai kai kusa da haka ba. Araha ba ta ado. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika memorin da bayanai ta sake karantawa, ta tona asirinsa. Nemi mai GB 32 ko sama da haka, mai alamar A2. Wanda ke da hali ya koma kan faifan ajiya na SSD, ya fi juriya nesa ba kusa ba. Sannan a umarci manhajar ta daina adana lissafin da babu mai dubawa.

Na huɗu: lodi da intanet

Pi 3 GB 1 kacal take da shi na ƙwaƙwalwar aiki. Idan aka jibga mata kyamarorin ƙofa da tarin ƙananan manhajoji, dole ta durƙushe. A kashe su ɗaya bayan ɗaya har a gano mai cinye ƙarfin. Idan da hali a haɗa ta da igiyar intanet maimakon Wi-Fi, musamman a gida mai katangu da yawa. A lura kuma: wasu makunnai masu araha sai umarni ya je rumbun kamfaninsu a ƙasar waje ya dawo kafin su motsa. Idan data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, jinkirin daga can yake, ba laifin kwamfutarka ba ne.

Abin kiyayewa

Kafin a taɓa komai, a kwafi ajiyar tsarin gaba ɗaya zuwa wata na'ura daban, domin ajiyar da ke cikin memorin da ya mutu ba ta da amfani. Karɓi kalmar sirri daga wanda ya haɗa maka, ka canza ta, tun da mai ita yana iya kallon kyamarar gidanka daga ko'ina. Kowace fitila da famfo su kasance da makunnin hannu, don kada iyali su kwana babu ruwa saboda kwamfuta ta tsaya. Duk abin da ya shafi wayoyin volt 230 kuwa, a bar wa ƙwararren mai aikin lantarki.

Idan mai gyara ya zo, tambaye shi abu huɗu: wutar ta isa? Zafinta digiri nawa? An gwada memorin? Me ke cinye ƙarfinta? Wanda ya san aikinsa zai nuna maka amsoshin a kan allo. Wanda ya fara da kawo farashin sabuwa bai duba ko ɗaya ba, riƙe kuɗinka ka nemi wani.