Kafin ka zuba kuɗinka a katin hoto, leƙa bayan sunan

A shekarar 2017 kamfanin Nvidia ya fito da wani ƙaramin katin hoto mai suna GT 1030. Shekara na zagayowa sai ga wani kati a kasuwa da wannan sunan dai, kwali kusan iri ɗaya, farashi ma bai yi nisa da na farkon ba. Bambancin yana ciki, inda ido ba ya kaiwa. Na farko yana ɗauke da ma'ajiya mai sauri irin GDDR5, na biyun kuwa DDR4 aka saka masa, wadda saurinta bai kai rabin na waccan ba. Har yau ana sayar da su biyun, kuma mai shago ba zai yi maka ƙarya ba idan ya ce GT 1030 ya ba ka. Sai ka je gida ka kunna gem sannan ka san wanda ka ɗauko.

Katin hoto, wanda masu sana'ar ke kira girafik kad ko GPU, shi ke zana duk abin da idonka ke gani a allo lokacin da kake buga gem: ciyawar fili, inuwar ɗan wasa, hayaƙin mota. A kwamfutar gem shi ya fi kowane sashe tsada, sau da yawa yakan cinye kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ko fiye. Shi ya sa a kansa aka fi cutar mai saye.

Tsadar tana da tarihi. A watan Maris na 2017 Nvidia ya sayar da GTX 1080 Ti, wanda yake cikin zaratan katunan zamaninsa, a kan dala 699. A Oktoban 2022 babban katinsa, RTX 4090, ya fito a dala 1,599. A Janairun 2025 RTX 5090 ya zo a dala 1,999. Wannan kuma farashin da kamfani ya sanar ne, ba lallai shi za ka tarar a shago ba. Waɗanda suka nemi kati tsakanin 2020 da 2022 sun ɗanɗana kuɗarsu. An sanar da RTX 3080 a dala 699 a Satumban 2020, amma annobar korona ta tsayar da sufuri, masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum suka riƙa kwashe katuna kwali-kwali, 'yan kan-ta-waye suka ɓoye sauran, har katin ya riƙa tafiya a ninkin farashinsa ko fiye. Sai a shekarar 2022 kasuwa ta fara saukowa, ranar 15 ga Satumba kuma Ethereum ta sauya tsarinta ta daina buƙatar katin hoto.

Ba ta koma yadda take ba, domin wani babban mai saye ya shigo: ƙirƙirarriyar basira. A shekarar kasuwancinsa da ta ƙare a Janairun 2025, Nvidia ya samu kusan dala biliyan 115 daga kayan manyan cibiyoyin bayanai, ɓangaren gem kuwa bai wuce biliyan 11 da ɗoriya ba. Masana'antar TSMC ta Taiwan ce ke ƙera zuciyar katunan Nvidia da AMD na yanzu, kuma abin da take iya fitarwa yana da iyaka. Ɗan kasuwa ya san inda riba take. Mai buga gem ya zama ƙaramin kwastoma.

Mu kuma a Nijeriya muna da namu ƙarin nauyin. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. A farkon 2024 ta haura 1,500. Katin dala 299, irin RTX 4060, ya tashi daga wajen naira dubu 224 zuwa kusan dubu 450 ba tare da kamfani ya ƙara ko sisi ba, kuma ba a sa kuɗin dako da kwastan da ribar mai shago ba tukuna. Don haka idan ka ga wani yana tallan kati da farashin da ya yi ƙasa da lissafin dala sosai, kada ka yi murna. Araha ba ta ado.

Mu koma kan suna, don a nan mugun zaren yake. GT 1030 ba shi kaɗai ba ne. GTX 1060 yana da mai gig 6 da mai gig 3, kuma mai gig 3 ɗin ba ma'ajiya kaɗai aka rage masa ba, har ƙwayoyin lissafinsa an rage, daga 1,280 zuwa 1,152. RTX 3050 mai gig 6 ya fi mai gig 8 rauni sosai. RTX 3060 da kowa ya sani mai gig 12 ne, amma akwai mai gig 8 da aka ƙuntata wa hanyar bayanai. A ɓangaren AMD akwai RX 580 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar Sin. A aikace RX 570 ne sanye da rigar yayansa, kuma ya cika shagunan intanet. Su kansu kamfanonin sun sha suka a kan wannan hali. A 2022 Nvidia ya sanar da RTX 4080 iri biyu, mutane suka yi ca a kan mai gig 12 cewa bai cancanci sunan ba, aka janye shi, ya dawo a Janairun 2023 da sunan RTX 4070 Ti, an kuma rage masa dala 100. Kafin nan an yi shari'a a Amurka a kan GTX 970, wanda aka ce gig 4 ne alhali rabin gig ɗin ƙarshe yana da matuƙar nawa. A 2016 kamfanin ya amince ya biya kowane mai saye dala 30. Mai neman laftof ma ya kula: RTX 4090 na laftof ba shi ne na kwamfutar tebur ba, zuciyarsa irin ta 4080 ce, kuma wutar da ake ba shi kaɗan ce.

Sai maganar gig, wadda ta zama makamin talla a kasuwanninmu. Za ka ji ana cewa, wannan girafik ɗin gig huɗu ne, sai ka ce an gama magana. Girman tanki ba shi ne gudun mota ba. Akwai GT 730 mai gig 4 da ba zai iya ɗaukar gem ɗin zamani ba ko an rage komai, alhali tsohon GTX 1050 mai gig 2 ya yi masa fintinkau. Fara duba wane kati ne, sannan ka duba gig. Idan katunan biyu ajinsu ɗaya, a nan ne gig ke da ta cewa. Sababbin manyan wasanni sun fara matse kati mai gig 8 idan an ɗaga ingancin hoto, kuma a ganina wanda zai sayi sabo ya riƙe shi shekara huɗu ko biyar gara ya lallaɓa ya kai 12 ko 16. Intel ya fito da Arc B580 mai gig 12 a dala 249 a Disamban 2024, AMD kuma yana da RX 9060 XT mai gig 16 da aka sanar a dala 349. Nvidia ba shi kaɗai ne a kasuwa ba, ko da yake sunansa ya fi zama a bakin mutane.

Yawancinmu dai na hannu za mu saya, ko a Computer Village ta Ikeja, ko Banex ta Abuja, ko ta hannun wani a WhatsApp. Ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne dabara. Amma ka san inda kayan suka fito. Da haƙar Ethereum ta mutu, an sauke katuna masu ɗimbin yawa daga rumbunan haƙa aka watsa su kasuwannin duniya, musamman RX 570, RX 580 da jerin RTX 30. Wasunsu lafiyarsu ƙalau. Wasu kuwa sun yi shekaru suna aiki dare da rana, fankarsu ta gaji, ma'ajiyarsu ta sha zafi, an kuma sauya musu manhajar ciki don haƙa. Akan wanke su tas, a sa su a sabon kwali.

Akwai kuma jabu na gaske. Ana ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a sauya masa manhajar ciki yadda kwamfuta za ta nuna GTX 1050 Ti, a manna masa sitika. Windows zai karanta sunan ƙaryar kamar gaske. Alama ɗaya da ke tona asiri ita ce tsohuwar kafar allo ta VGA, mai ramuka goma sha biyar, a jikin katin da aka ce na zamani ne. Wadda ta fi ita ce manhajar GPU-Z, kyauta ce, ƙarama ce, ka tafi da ita a filas ɗinka. Tana nuna ainihin zuciyar katin da adadin ƙwayoyinsa, kuma takan rubuta cewa jabu ne idan ta gano. Daga nan ka ce a kunna maka gem mai nauyi, a bar shi minti ashirin ko talatin, kai kana zaune. Ka duba ko ɗige-ɗige ko zane-zane masu launi na fitowa a allo, ko fanka na gurnani, ko zafi na haura digiri 85 ya ƙi sauka. Mai kayan da ya ce babu wuta, ko yana sauri, ko ai ɗan'uwa ne ba sai an gwada ba, ka yi masa sallama. Wanda ya yarda, a rubuta lambar katin a rasit tare da kwanakin da za ka iya dawo da shi.

Ko kati na ƙwarai ka samu, ba shi kaɗai zai yi aikin ba, kuma abin da aka fi yi wa rowa shi ne akwatin wutar kwamfuta, wanda ake kira fawa. Mutum zai kashe dubu ɗari huɗu a kati, ya ɗauko fawa marar suna da aka rubuta wa wat 600 amma ko nauyin kirki ba ta da shi a hannu. Irin wannan idan ta tashi mutuwa ba ta tafiya ita kaɗai. Ramin da ake soka kati a jikin bod, wato babban faifan da sassan kwamfuta ke hawa, wat 75 kawai yake bayarwa. Sauran daga waya mai haƙora shida, wat 75, ko mai takwas, wat 150, yake zuwa. Idan fawarka ba ta da wannan waya, kada ka yarda da ɗan mahaɗin da ake jonawa da wayar hadis, domin ba a yi ta don wannan nauyi ba, takan narke. Tambarin 80 Plus da ake nunawa kuwa shaidar rage asarar wuta ce, ba shaidar ƙarko ba. Masu son soka kati a tsohuwar kwamfutar ofis ta HP ko Dell su san cewa fawarta ƙarama ce, akwatin ma matsattse ne. Irin GTX 1650 da ba ya neman ƙarin waya shi ne daidai da ita.

Wutar gida ma tana cikin farashin kati, ko da ba a rubuta ta a kwali ba. RTX 4060 yana jan wat 115, RTX 3060 yana jan 170, RX 580 185, RTX 3080 320, shi kuwa RTX 5090 har 575. Kwamfutar da ke jan wat 400, idan ta yi awa biyar a rana, yunit biyu ke nan. A farashin naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, naira dubu 13 da 500 ne a wata. Mai dogaro da inbata ko ƙaramin janareta ya fi kowa sanin bambancin wat 115 da 320, haka ma mai gidan gem da zai kunna kwamfuta shida a lokaci ɗaya. Tsohon katin da ya zo da sauƙi yana iya karɓe ragin a man fetur kafin shekara. Ka kuma sa UPS da sitabilaiza a lissafi, ka kula cewa UPS mai VA 650 wat ɗin da take iya ɗauka bai cika kaiwa 400 ba.

Sauran sassa ba sai an ja zance ba. Furosesa mai ƙwayoyi shida, irin Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, ta ishi matsakaicin kati. Ka tabbatar ta dace da bod, domin mazaunin furosesa na AM4 da na AM5 ba sa shiga juna, DDR4 ma ba ta zama a ramin DDR5. Ram gig 16 ya wadatar, kuma guda biyu masu gig 8 sun fi guda ɗaya mai 16 sauri. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, don haka ka tambaya kafin ka rufe lissafi. SSD dole ce. Fitilu masu launi da akwatin gilashi ba sa ƙara wa gem komai.

Tambayar da ya kamata a fara da ita kuwa, wadda akasari ake tsallakewa, ita ce wane gem za ka buga, a wane allo. Idan ƙwallo ce, eFootball ko EA Sports FC, ko GTA V da ya zo kwamfuta tun 2015, a allon 1080p, kati irin RX 6600 ko RTX 3060 ya yi maka, har da canji. Allo mai hez 60 hoto sittin kawai yake nunawa a daƙiƙa, ko katin yana zana ɗari biyu. Na sha ganin wanda ya sayi katin da ya fi ƙarfin aljihunsa ya jona shi da tsohuwar monita, yana mamakin me ya sa bai ga bambanci da na abokinsa ba.

Wasu ma bayan sun haɗa komai sai su soka wayar allo a kafar bod ta sama maimakon ta jikin katin da ke ƙasa, kwamfuta ta yi watanni tana zana hoto da furosesa, katin yana zaune ba ya aikin komai. Ka duba bayan akwatinka yau. Idan hunturu ya shigo kuma, ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka riƙa buɗe ta duk wata kana hure ƙura, amma ka danne fankar katin da yatsa lokacin hurawa don kada iska ta juya ta fiye da kima ta lalata ta.