Kifin moray a falo: me zai ci a Gure?

Matashin Gure da ya ci karo da bidiyon kifin moray a TikTok zai iya rantsewa gaiwa ce. Ga tsawo, ga jiki irin na maciji. Amma gaiwa takan lafe cikin laka har damina ta dawo, shi kuwa moray ɗan teku ne, kuma tsakanin Gure da teku akwai sama da kilomita 1,000.

Masu kiwonsa a akwatin gilashi a Turai da Amurka sukan ba shi jatan lande da kaguwa da yankan kifin teku, sau biyu ko uku a mako. Ba a ba shi da hannu, sai da dogon awartaki. Idonsa ba shi da ƙarfi, da hanci yake farauta, don haka yatsa da nama duk ɗaya ne a wurinsa. A 2007 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano yana da muƙamuƙi na biyu a maƙogwaro, wanda ke zaburowa ya ja abin da ya kama zuwa ciki.

Ruwansa ma sai an haɗa gishirin teku kusan giram 35 a kowace lita. Kanwar kwaruruwan Gure ba ta yi.

Sai babbar matsala, wato wuta. Firji ne ke ajiye abincinsa, famfo ke ba shi iska. Wanda ya ga yadda yankin Damagaram ya sha duhu bayan Najeriya ta katse lantarki a Agustan 2023 ya san kwana nawa kifin zai yi.