Ƙarambau: A Yi wa Yaro Rigakafi ko a Bari?

Iyaye da yawa na ɗaukar ƙarambau ciwon da kowane yaro sai ya yi. Gaskiya ne yawancin yara kan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma a gidan da ke da mai juna biyu, maganar ta wuce ta yaro kaɗai.

Idan mai cikin da ba ta taɓa yin ƙarambau ba ta kamu, ciwon na iya taɓa huhunta. A makonni 20 na farko yana iya nakasa ɗan tayi. Jariri ma na cikin haɗari idan ƙurajen suka fito wa uwa daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta.

Allurar ba ta cikin rigakafin da gwamnati ke yi kyauta a Nijeriya, biya ake yi. Akan yi ta sau biyu, ta farko bayan yaro ya cika shekara. Ba a yi wa mai ciki, amma ana iya yi wa yaranta, kuma hakan kariya ce gare ta.

Uwargida, idan wani ya kamu a gida, ki sanar da likita a ranar, kada ki jira ƙuraje.