Ƙananan furotin masu gadin guringuntsi: abin da bincike ya gano kan ciwon gaɓoɓi

A wuraren gini na Aljeriya da Libiya, da tashoshin mota na Maraɗi da Damagaram, matasa da yawa na cin abinci da ƙarfin gwiwarsu: dakon siminti, hawa da sauka, doguwar durƙusawa. Irin wannan aiki na cikin abubuwan da likitoci suka tabbatar suna jawo zaizayewar gaɓoɓi, cutar da mutane ke kira sanyin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da ita, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa.

Cutar na farawa ne daga guringuntsi, santsin da ya lulluɓe bakin ƙashi don kada ƙasusuwa su riƙa gogar juna. Babu jijiyar jini a cikinsa, kuma ƙwayoyin halittar da ke kula da shi kaɗan ne, da wuya su hayayyafa. Suna samun abinci daga ruwan gaɓa, wanda motsi ke turawa ciki da waje kamar soso. Shi ya sa idan ya lalace ba ya warkewa kamar fata.

To me ke kare waɗannan ƙwayoyi shekara da shekaru? Wani ɓangare na amsar ya faro ne a 1962, lokacin da masanin Italiya Ferruccio Ritossa ya lura cewa zafi na tayar da wasu sassan gado a jikin ƙudan ƴaƴan itace. Daga baya aka gane cewa sassan na sarrafa wasu furotin da ƙwayar halitta ke ƙara samarwa idan ta shiga matsi, na zafi, kumburi ko nauyi. Ƙananan cikinsu iri 10 ne a jikin ɗan Adam.

Aikinsu ya yi kama da na ɗan agaji. Kowane furotin sai ya naɗe cikin siffarsa kafin ya yi aiki. Idan matsi ya warware shi, yakan manne da ƴan uwansa su zama dunƙule mai cutarwa. Ƙananan masu gadin sukan riƙe shi kafin hakan ta faru, har manya irin su HSP70 su zo su gyara shi ko a zubar da shi. Ɗaya daga cikinsu, alfa-B kristalin, na cikin masu hana gilashin ido dusashewa.

A 2009 da 2010, masu bincike a jami'ar Gent ta Beljiyam sun kwatanta ƙwayoyin guringuntsi na masu cutar da na masu lafiya. Sun tarar alfa-B kristalin da HSP27 sun ragu a na marasa lafiya. Da suka rage alfa-B kristalin da gangan a ɗakin gwaji, sai ƙwayoyin suka ja baya wajen ƙera kayan ginin guringuntsi.

Sai dai ba kullum suke taimako ba. A ɗayan nau'in ciwon gaɓoɓi, wanda garkuwar jiki ke far wa gaɓa da kanta, masu bincike a Naimegen ta Holan sun gano a 2006 cewa HSP22 ya yi yawa a fatar cikin gaɓa, kuma yana iya zuga ƙwayoyin garkuwa su ƙara kumburi.

Har yanzu babu maganin da aka amince da shi da ke aiki ta wannan hanya, babu kuma ƙwayar da aka tabbatar tana dawo da guringuntsin da ya cinye. Duk mai tallan maganin "sabunta gwiwa" a kasuwa ko a WhatsApp kuɗi yake nema. Diklofenak na rage zafi, amma yawan shansa na jawo gyambon ciki da illar ƙoda. Tiramol kuwa na kama mutum, ya ɓoye ciwon yayin da gaɓar ke ci gaba da lalacewa.

Abin da ke hannu shi ne ƙarfafa naman cinya da tafiya ko keke, kula da raunin ƙwallo har ya warke, da rage ƙiba, domin kowane kilo 1 da aka rage na sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Idan gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, ko ta sandare da safe sama da minti 30, lokacin zuwa asibiti ya yi.